Gada ba waya: kundin aikin haɗa ofis da sito

Litinin, 3 ga Maris

Maigida ya kira ni da safe, ya ce yana son a sa kyamarori shida a sito, kuma ya riƙa kallonsu daga teburinsa. Sannan kwamfutoci biyun da ke can su riƙa shiga manhajar lissafin kaya da ke kan sabar ofis, a daina yawo da filash kullum yamma. Ya ce, "Ai waya ce kawai za ka ja, ko?" Na ce, "Yallaɓai, bari in auna tukuna."

Na auna a taswirar tauraron ɗan'adam: mita 340 daga kusurwar ofis zuwa kusurwar sito, ga titi ya ratsa tsakani. Kebul ɗin Ethernet na jan ƙarfe iyakarsa mita 100, wato 90 a cikin bango, 10 na guntayen da ke bakin na'urori. Akwai masu dabarar dasa suwic, akwatin da ke haɗa wayoyin netwok, a hanya don su ƙara tsawo, amma ko da tazarar ta ba da dama, ba na son jan ƙarfe tsakanin gine-gine biyu da kowanne ke da nasa layin lantarki da nasa turken ƙasa. Ranar da tsawa ta faɗi kusa, wayar nan ce hanyar da wutar za ta bi, ta cinye suwic a nan, ta cinye a can.

Faiba ce ta fi dacewa, kuma na faɗa masa haka ba ɓoye-ɓoye. Gilashi ce, ba ruwanta da tsawa, mita 340 kuwa wasa ne a wurinta. Sai dai ba a haƙa titi sai da izini, kuma filin da ke bayan titin ba namu ba ne. Don haka muka tsaya a kan gadar rediyo: na'ura biyu, ɗaya a kan kowane gini, suna kallon juna, abin da ya shiga wayar wannan ya fita ta wayar waccan.

Nauyin da za ta ɗauka ba shi da yawa. Kyamara shida, kowacce megabit 4 a daƙiƙa, ya zama 24, duka daga sito zuwa ofis, dare da rana. Kwamfutocin ba su cin komai. Ina son a samu aƙalla 100 tsayayye, saboda na san halin mutane: da an ga netwok ya iso, sai buƙatu su biyo shi.

Laraba, 5 ga Maris

Mun hau rufin ofis ni da yaron da nake koya wa aiki. Daga bakin rufin, mita 8 daga ƙasa, ana hango bangon sito sarai. Yaron ya ce, "Oga, ai shi ke nan, ga shi can muna ganinsa." Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Akwai wata bishiya a filin maƙwabci, mita 110 daga ofis, samanta ya kai kamar mita 6 da rabi. Layin da ido ke bi ya wuce ta samanta, gaskiya ne. Amma igiyar rediyo ba zare ba ce. Tana buƙatar fili a kewayen layin, fili mai siffar ƙwai, siriri a bakin eriya biyun, mai faɗi a tsakiya. Sunansa yankin Fresnel, daga sunan Augustin-Jean Fresnel, masanin haske ɗan ƙasar Faransa da ya rasu a 1827. Abin da ya kutsa cikin wannan fili yana karkatar da wani ɓangare na siginar, ya isa a makare ya ci karo da sauran, ƙarfin ya ragu. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce a bar aƙalla kashi 60 cikin 100 na yankin farko a share.

Na zauna a kan rufin na buga lissafi. A zangon gigahaz 5.5, tazarar mita 340, faɗin yankin daga layi zuwa gefe a tsakiyar hanya mita 2.15 ne. A daidai bishiyar, mita 2. Kashi 60 ɗinsa mita 1.2. Da farko niyyata in kafa na'urar sito a bango, mita 5 daga ƙasa. Idan aka yi haka, layin zai bi ta kan bishiyar a tsayin mita 7, rabin mita kacal sama da ganye. Bai isa ba, kuma bishiya ba ta tsayawa inda ka bar ta.

Abin da ya ba yaron mamaki shi ne gefen da ya fi amfani a ɗaga. Tunda bishiyar ta fi kusa da ofis, duk mita ɗaya da aka ƙara a gefen ofis yana ɗaga layin santimita 68 a kanta, a gefen sito kuwa 32 kawai. Na yanke: bututun ƙarfe a ofis ya kai na'urar mita 9 da rabi, wani a sito ya kai ta mita 7. Sararin da zai rage a kan bishiyar ya zama mita 2.2, yankin gaba ɗaya ya fita.

Rufin sito kwano ne. Dole na'urar ta tsaya a bakin rufin ta fuskanci waje, kada ta leƙa ta saman kwanon, don ƙarfe yana mayar da sigina kamar madubi.

Asabar, 8 ga Maris

Zaɓen zango. Na gigahaz 2.4 ban ma ɓata lokaci a kansa ba: tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kowace rauta a unguwa tana cikinsu, kuma yankin Fresnel ɗinsa a wannan tazara ya haura mita 3.

Na gigahaz 60 ya ja hankalina sosai. Tasha ɗaya faɗinta gigahaz 2.16, gudun yana kai gigabit, yankin Fresnel bai wuce santimita 65 ba, kuma iskar oksijin tana shanye siginar kusan dB 15 (dB ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sigina ne) a kowace kilomita. Wannan shanyewar aibi ce a doguwar tazara, amma a gajera alheri ce, don siginar maƙwabta ba ta isowa. Matsalarsa ruwan sama mai ƙarfi, da kuma ƙunci: bakin eriyar siriri ne ƙwarai, bututu ya ɗan girgiza sai ka ji a jikinka. Ni kuma zan ɗora ta a kan bututu mai tsawo, a bakin rufi, inda iska ke kaɗawa. Don megabit 24 na kyamara, ban ga dalilin ɗaukar wannan nauyi ba.

Saura gigahaz 5. Na zaɓi na'urori masu tsarin Wi-Fi na 802.11ac, eriya mai ribar dBi 23, wato ma'aunin yadda take tattara sigina waje ɗaya. Wani zai ce ta yi yawa a mita 340, kuma da gaskiyarsa idan ƙarfi ake nema. Ni kunnenta nake nema. Eriya mai ƙunci, kamar digiri 10, tana jin abin da ke gabanta ne, ta toshe kunne ga hayaniyar gefe.

Na rubuta lambar da nake sa ran gani tun kafin a sayi komai. Asarar sarari, wato ƙarfin da sigina ke rasawa a hanya, a mita 340, a gigahaz 5.5, dB 98 ce. Iyakar ƙarfin fita a tsakiyar wannan zango, daga megahaz 5470 zuwa 5725, a Turai da Amurka da ƙasashe da yawa dBm 30 ce, wato watt ɗaya, kuma da ribar eriya a ciki ake ƙirgawa. To 30, a ƙara 23 na eriyar da ke karɓa, a cire 98: −45 dBm. Ƙarfin siginar da ya kamata ta iso ke nan, kuma gwargwadon kusancin lambar da sifili, gwargwadon ƙarfinta. Na rubuta ta da maka a murfin akwatin kayan aiki.

Talata, 11 ga Maris

Kaya sun iso. Ban bari an fita da ko ɗaya waje ba sai da aka gama saita su a kan tebur, don gyaran saiti a saman tsani da laftof a hannu ɗaya azaba ce da na taɓa sha.

Su biyun sun zo da adireshin IP iri ɗaya daga masana'anta, don haka ɗaya bayan ɗaya na kunna su. Kowacce na ba ta adireshinta, na canza kalmar sirri, na sabunta manhajar cikinta, na zaɓi ƙasa don ta bi iyakar doka, na kunna makullin tsaro na WPA2 da AES da doguwar kalmar sirri wadda ba wanda zai haddace. Na rage ƙarfin zuwa ƙarshe, na juya musu baya da juna, saboda eriya mai dBi 23 a tazarar taku uku kamar ihu ne a cikin kunne.

Sai yanayin gada. Firam ɗin Wi-Fi na yau da kullum, wato ƙunshin saƙon da ake aikawa, adireshi uku yake ɗauka, shi ya sa na'urorin da ke bayan rediyon nesa sukan ɓace a bayan adireshin MAC ɗinsa, lambar shaidar da kowace na'ura ke zuwa da ita. Gada ta gaskiya tana amfani da adireshi huɗu, abin da yawancin masu ƙera su ke kira WDS, ta yadda kowace kyamara za ta iso ofis da sunanta. Na kunna shi a duka biyun, na duba teburin suwic, na ga laftof ɗin gwaji ya bayyana da adireshinsa na ainihi.

Abu ɗaya na ja wa yaron kunne a kai har sau biyu. Wutar waɗannan na'urori ta cikin kebul ɗin netwok take bi, abin da ake kira PoE, amma ba irin PoE ɗin suwic ɗinmu ba ce. Na suwic, 802.3af da 802.3at, yana tambayar na'ura tukuna kafin ya saki wuta mai kusan volt 48. Ɗan akwatin da ya zo da rediyon volt 24 ne, kuma ba ya tambayar kowa: duk abin da ka soka, ya ba shi. Na liƙa jan tef a ramin da wutar ke fita.

Asabar, 15 ga Maris

Ranar hawa. Mun fara da ofis tun rana ba ta yi zafi ba. Bututun ya samu maƙalai biyu a bango, tsakaninsu kusan mita ɗaya, da noti masu shiga kankare. Kebul na waje ne, mai baƙar riga da ke jure rana, mai sulke a ciki, jan ƙarfe zalla. Na kankare bakin waya ɗaya da wuƙa na nuna wa yaron: idan ka ga fari a ƙarƙashin ja, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana cin wuta a hanya kuma yana karyewa, kada ya kusanci PoE. A inda kebul zai shiga gini na sa abin kare tsawa, na ɗaure shi da turken ƙasa na ginin da gajeriyar waya mai kauri.

Sito ya ɗauke mu har bayan la'asar, don bangon bulo ne mai rami, sai da muka ratsa shi da dogayen noti da faranti a ciki.

Daga nan sai daidaitawa. Ni a ofis, yaron a sito, waya a kunne. Ƙa'idar ita ce mutum ɗaya ke motsi a lokaci guda. Na saita tawa da ido, na ce ya juya tasa a hankali hagu da dama. Lamba ta tashi daga −74 ta hau har −61, ta fara sauka. Ya ce, "Oga, na samu, fitilu duka sun kama. In ɗaure?" Na kalli murfin akwati. −45 aka rubuta. Tsakanin 61 da 45 akwai dB 16, kuma duk dB 3 rabin ƙarfi ne, wato abin da muke samu bai kai kashi 3 cikin 100 na abin da ya kamata ba.

Eriya mai ƙunci ba baki ɗaya gare ta ba. Akwai babban harshe a tsakiya, da ƙananan harsuna a gefe, kuma ƙaramin harshe ma yana ba ka tudu a lamba har ka ɗauka ka iso. Na ce ya ci gaba da juyawa ya wuce inda lambar ta faɗi. Ta sauka −70, ya fara gunaguni, sai ta yi tsalle zuwa −52. Muka gyara sama da ƙasa, ta zama −48. Na taɓa tawa kaɗan, −46. Sigina biyun da eriyar ke amfani da su, ta tsaye da ta kwance, bambancinsu dB ɗaya. Ya ɗaure, lambar ta motsa da ɗaurin, ya sassauta ya sake.

Da ban rubuta lambar nan ba, da mun sauko a −61 muna murna, kuma da zai yi aiki, har ranar da ya daina.

Na rage ƙarfin fita daga dBm 7 zuwa 0 a kowane gefe. Sigina ta zauna a −53, hayaniya a −92. Ya isa har da ragi, kuma ba ma damun kowa.

Talata, 18 ga Maris

Gwajin gudu da manhajar iperf3, laftof a kowane gefe. Shafin rediyon yana nuna megabit 400 a tasha mai faɗin megahaz 40. Na san ba za a ga 400 ba, don wannan gudun iska ne, kuma rediyo ba ya magana yana sauraro a lokaci guda. Ina sa ran 250 ko sama.

94 na samu. Na juya gwajin, 94. Na buɗe hanyoyi takwas a tare, 94. Na faɗaɗa tasha zuwa megahaz 80, shafin ya nuna 867, gwaji ya ce 94. Na canza tasha sau uku. Na fara zargin manhajar da na sabunta, har na sauko da tsohuwar zan mayar. Awa biyu ina kokawa da rediyon da bai yi laifin komai ba.

Abin da ya dawo da ni hayyacina shi ne rashin motsin lambar. Iska ba ta ba da lamba ɗaya sak sau goma. Kuma 94 sananniyar lamba ce ga duk wanda ya daɗe a wannan aiki: ita ce abin da ke saura daga megabit 100 na waya bayan an cire bayanan adireshi da ke kan kowane ƙunshin saƙo. Na duba shafin na'urar sito, ramin waya ya tsaya a 100, ba 1000 ba.

Megabit 100 waya huɗu yake buƙata, ta 1 da 2 da 3 da 6. Gigabit sai takwas ɗin duka. Wutar kuma tana tafiya ta 4 da 5, ta dawo ta 7 da 8. Idan ɗaya daga cikin 7 da 8 ba ta kama ba, 'yar'uwarta za ta ɗauki wutar, na'ura ta kunnu lafiya lau, amma gigabit ba zai tashi ba. Rana ta faɗi, sai gobe.

Laraba, 19 ga Maris

Waya ta 8 ce, mai ruwan ƙasa, ba ta kai ƙarshen kan kebul ɗin ba. Ni na matsa kan nan da hannuna, a saman tsani, kuma ban sa abin gwaji ba don ina sauri. Sabon kai, gwaji, fitilu takwas. Gudu 268 daga sito zuwa ofis, 255 a komawa.

A megahaz 80 ya haura 400, amma yana hawa yana sauka, kuma ping, lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, yana tsalle. Duk ninka faɗin tasha yana ƙara hayaniya dB 3, ya kuma ƙara yawan maƙwabtan da kake rabawa da su. Na koma 40. Ping milisakan 1 zuwa 2. Kyamarori sun hau, maigida ya ga sito daga kujerarsa, ya ce aiki ya yi kyau.

Asabar, 29 ga Maris

Sau uku a kwana goma hoto ya yanke, kowane karo minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, ya dawo da kansa. Wannan karon ban taɓa komai ba sai da na karanta kundin na'urar. Layi uku, magana ɗaya: an ji rada, an bar tasha.

Tashoshi 52 zuwa 144 rabawa ake yi da na'urorin rada, har da na hasashen yanayi, kuma su ke da fifiko. Tsarin DFS, wanda ya shigo da 802.11h a 2003, ya wajabta wa rediyo ya tashi daga tasha da zarar ya ji abin da ya yi kama da rada, kada ya koma sai bayan minti 30, kuma ya saurari sabuwar tashar daƙiƙa 60 kafin ya yi magana. Ga minti ɗayanmu nan. A Turai, tsakanin megahaz 5600 da 5650, sauraron minti 10 ne.

Wani abokin sana'a ya ce in canza ƙasa a saiti kawai, DFS ya mutu. Ban yi ba. Hayaniyar irin waɗannan rediyo tana fitowa a hoton radar yanayi kamar tsinke, kuma mutane suna dogara da hoton nan.

Tashoshi 36 zuwa 48 a ƙasashe da yawa na cikin ɗaki ne. Saura na sama, daga 149, waɗanda na'urar ta buɗe mini bisa ƙasar da na zaɓa. Na bar ta tana sauraron zangon na rabin awa, na ɗauki inda ya fi shiru. Hayaniya ta ɗan ƙaru zuwa −88, gudu ya sauka 240. Na yarda da cinikin.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ƙarfe tara na safe, kwamfutoci huɗu a ofis ba intanet, ba firinta. Kowa ya juyo yana kallona, wata ta ce tun da aka sa abin nan a rufi ake samun matsala. Na duba ɗaya daga ciki, adireshinta ya fara da 192.168.0, mu kuwa ba ma amfani da wannan jeri ko kaɗan.

Na tsallaka sito. A bayan kabad, ga wata 'yar rauta fara tana ƙyafta ido. Mai kula da sito ya ce, "Malam, Wi-Fi kawai na sa don waya, ban taɓa naku ba." Gaskiya ya faɗa iyakar saninsa. Ya soka wayarmu a ramin LAN, rautar kuma tana raba adireshi da DHCP, tsarin da ke ba na'urori adireshi kai tsaye, kamar yadda aka ƙera ta. Kwamfuta idan ta tashi, shela take yi tana neman adireshi, wanda ya riga amsawa shi ta bi. Gadar ta ɗauki shelar ta kai sito, ta dawo da amsa, daidai yadda na saita ta ta yi ranar 11 ga Maris.

Ban ga laifinsa sosai ba. Na kai netwok ginin da mutane ke wuni a ciki, ban ba su hanyar sa waya ba. Na kashe DHCP ɗin rautar na bar masa ita na wucin gadi. Da yamma na raba hanyoyi da VLAN, tsarin da ke kasa netwok ɗaya gida-gida: kyamarori daban, kwamfutocin aiki daban, wayoyin hannu daban, shafin kula da rediyo daban. Alamar VLAN ɗin, 802.1Q, bayit 4 take ƙarawa a firam, gadar ta wuce da ita ba gardama. Na kunna tsaron DHCP a suwic biyun ta yadda amsa ba ta fitowa sai daga ramin sabar, na rufe ramukan da ba kowa, na kuma tabbatar RSTP, mai hana saƙo zagaye a netwok ba iyaka, yana aiki, don wanda ya soka rauta yau, gobe zai iya soka kai biyu na waya ɗaya a suwic ɗaya.

Talata, 22 ga Afrilu

Daren jiya an yi ruwa da iska mai ƙarfi. Hoto bai yanke ba, amma da safe sigina tana −64. Yaron ya ce ruwa ne. Na nuna masa jadawalin: ta faɗi dB 11 cikin minti ɗaya wajen ƙarfe biyu na dare, ta zauna a nan, ga shi rana ta fito garau ba ta dawo ba. Ruwan sama a gigahaz 5, a mita 340, ko dB ɗaya ba ya ci, kuma da ya ɗauke sai lamba ta koma. Da jiƙaƙƙen ganye ne, da ta riƙa rawa da iska. Wannan faɗuwa ce ta abu da ya motsa ya tsaya.

Bututun sito ne ya juya a cikin maƙalansa. Na ga sawun a jikin fenti, kamar faɗin yatsa. Bututu mai santsi, maƙala mai santsi, eriya kuma tana tare iska. Muka mayar, muka huda bututun da maƙalar muka ratsa noti, na ja layi da fenti daga maƙala zuwa bututu don a riƙa gani daga ƙasa. −53 ta dawo.

Tunda muna sama na buɗe murfin na'urar. A bushe take. Amma a ƙasa, inda kebul ya shiga bango, akwai danshi a ciki. A ofis na yi wa kebul lanƙwasa ƙasa da ramin don ruwa ya ɗiga kafin ya kai bango, a sito gajiya ta sa na manta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An yi lanƙwasar, an toshe ramin.

Jadawalin ya kuma nuna na'urar sito ta mutu ta tashi sau biyu a daren, wuta ce ta ɗauke. Suwic ɗin can da akwatin wutar rediyon ba su kan batir. Na rubuta ƙaramin UPS, batirin da ke riƙe na'ura idan wuta ta ɗauke, a jerin abin da za a saya.

Talata, 6 ga Mayu

Mako biyu ba yankewa ko ɗaya. UPS ya shiga ranar Asabar. Na sa sabar tana ɗaukar sigina, hayaniya da gudun ramin waya kowane minti biyar, ta turo saƙo idan sigina ta wuce −60 ko ramin ya sauka 100.

Kamar yadda na zata, buƙata ta biyo baya. Maigida yana son kyamara biyu a ɗakin masu gadi da ke bayan sito, mita 70 daga bangon baya. Daga ofis ba a ganinsa, sito ya tare, don haka daga sito za a ɗauka. Mita 70 tana cikin iyakar jan ƙarfe, amma dalilin tsawa na ranar farko yana nan. A nan ba titi, filin namu ne, faiba za ta yiwu, sai dai farfajiyar kankare ce kuma manyan motoci suna bi ta kai. Idan rediyo ne, a wannan tazara gigahaz 60 ya dace: yankin Fresnel santimita 30 ne, oksijin zai ci kamar dB ɗaya kawai, na'urorin za su manne a bango ba bututu, kuma ba za su yi wa gadar farko hayaniya ba tunda zangonsu daban. Abin da ban tabbatar ba shi ne tsayin motocin da kaya a kansu, don tirela ɗaya ta tsaya a layin, magana ta ƙare. Na ce wa mai kula da sito ya kira ni ranar da mafi tsayinsu ta shigo, in zo da tef.

Na sake auna bishiyar daga rufin ofis. Sabon toho ya ƙara mata kamar santimita 30. Sararin ya koma mita 1.9, ta fara taɓa gefen yankin, amma da saura kafin 1.2. Maigida ya ce zai yi wa mai filin magana a rage mata kai. Bututun ofis yana da sauran rabin mita da zan iya ɗaga na'urar, kuma kebul ɗin yana da ragowar da za ta kai.